Ragowar fulawa mai tashi da kanta: tambayoyi da amsoshi kan girkin gishiri

Yawanci haka abin yake faruwa. Mutum ya sayi leda guda don yin kek na wani buki, ya ɗebi rabi, ya ɗaure bakin sauran ya cusa a lungun kabad. Bayan wata biyar sai ya ci karo da ita, ya tsaya yana tunanin ko zubarwa zai yi ko kuwa ya jira wani bukin. Ni dai shawarata kada a yi ko ɗaya. Wannan fulawa ƙarfinta raguwa yake yi kullum, kuma abincin gishirin da za a iya yi da ita yana da yawa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wai mece ce ma wannan fulawar, kuma me ya raba ta da ta yau da kullum?

Fulawar alkama ce da aka riga aka gauraya mata bakin hoda tun daga kamfani. Shi ke nan. A Birtaniya ana rubuta "self-raising" a jikin ledarta, a Amurka kuma "self-rising", kuma akwai ɗan bambanci tsakaninsu: ta Amurka tana zuwa da gishiri a ciki, ta Birtaniya galibi babu. Don haka a duba jerin kayan da aka rubuta a bayan leda kafin a zuba gishiri a kwaɓi. Wani mai gasa burodi a birnin Bristol na Ingila, Henry Jones, shi ya yi mata rajista a matsayin ƙirƙirarsa a shekarar 1845.

Bakin hodar da ke ciki haɗi ne na bakin soda da wani busasshen sinadari mai tsami. Muddin suna bushe, zaman lafiya suke yi ba mai taɓa wani. Da ruwa ya shiga sai su fara aiki, su saki iskar da ke hura kwaɓi. Yawancin irin wannan haɗi sau biyu yake tashi: kaɗan a lokacin da aka jiƙa shi, sauran kuma sai ya ji zafin wuta. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya fahimci rabin abin da ke wannan shafi.

Ba don kek da kayan zaƙi aka yi ta ba? Ba za ta ɓata abincin gishiri ba?

Babu ko ƙwayar sukari a cikinta. Zaƙin kek daga sukarin da mai girki ya zuba yake fitowa. Fulawar aikinta kumbura, kuma kumburi bai san zaƙi ko gishiri ba.

Tawa ta daɗe a ajiye. Ta yaya zan gane ko har yanzu tana da amfani?

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma bai kamata a cuɗa su ba. Ta farko: shin fulawar ta lalace? Ta biyu: shin bakin hodar cikinta yana da sauran ƙarfi?

Ta farko hanci da ido ne ke amsa ta. A buɗe a shinshina. Fulawa mai kyau kusan ba ta da wari. In aka ji warin tsohon mai, ko warin ruma, ko aka ga ta dunƙule ta yi tabon fumfuna, a zubar ba tare da wani dogon tunani ba. Wadda aka niƙa da dusarta ta fi saurin juyawa, saboda akwai ɗan mai a ƙwayar alkama wanda ake cirewa a farar fulawa.

Ta biyu kuwa gani ya kori ji. A kwaɓa babban cokali biyu da ɗan ruwa ya yi kauri, a zuba a kasko mai zafi da ɗigon mai. In ya taso, ƙananan ramuka suka ɓullo a samansa, cikinsa ya yi laushi, to tana nan da ranta. In ya kwanta shame-shame ya yi danƙo, ƙarfin ya tafi. Wannan gwajin ya fi zuba fulawa a ruwan zafi ana jiran kumfa, domin hodar da ke cikin cokali guda kaɗan ce ƙwarai, ido ba ya cika kama kumfarta.

Fulawar da ƙarfinta ya tafi amma warinta lafiya lau ba ta zama shara ba. Ta koma fulawa zalla ne kawai. A ƙara mata sabon bakin hoda, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane giram 150 in ta ɗan taso a gwaji, cokali biyu in ba ta motsa ba sam. Danshi ne babban abin da ke kashe ta: iska mai laima tana tayar da hodar a hankali tun tana cikin leda. Shi ya sa wadda aka buɗe aka bari baki sake takan yi rauni cikin 'yan watanni, tun kwanan da aka buga a jikinta bai zo ba.

Ba ni da oben. Mene ne abu mafi sauƙi da zan fara da shi?

Faffaɗan burodin kasko. In za a koyi abu ɗaya tak daga nan, wannan nake so a koya, domin kaya biyu yake buƙata kuma cikin minti 20 an gama.

A auna fulawa giram 200 da yogot mai kauri marar sukari giram 200, wato nauyi ɗaya. A sa rabin ƙaramin cokali na gishiri in fulawar ba ta zo da nata ba. A juya da cokali har ya haɗe, a juye a kan faifai ko tebur da aka barbaɗa wa fulawa, a murza na minti ɗaya kawai. Ba burodin yis ba ne da za a yi ta dambe da shi. In yogot ɗin ruwa-ruwa ne, a fara da kashi biyu cikin uku, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya yi taushi amma ba ya manne wa hannu. A raba gida huɗu ko shida, a murje kowanne ya yi faɗi, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita.

Kasko ya yi zafi sosai kafin burodin ya hau, kuma ba a sa mai. Minti biyu a gefe ɗaya, za a ga ƙuraje suna tasowa a sama. A juya, wani minti ɗaya zuwa biyu. Da an sauke a shafa masa narkakkiyar bota da aka daka wa tafarnuwa, a jera a cikin tsabtataccen kyalle a rufe. Rufewar nan tana da muhimmanci: tururin da ke fita daga na ƙasa shi ke tausasa na sama, in aka bar su a buɗe sai su bushe su ƙage.

Me ya sa yogot? Tsaminsa yana ƙara tunzura sodar da ke cikin fulawar, yana kuma tausasa kwaɓi, ga ɗanɗanon da yake bayarwa mai kama da na kwaɓin da ya kwana. Za a iya zuba yankakken ganyen albasa ko ɗan barkono a cikin kwaɓin tun farko. Za a kuma iya murje shi, a sa cuku ko dafaffen dankali da aka murƙushe da kayan ƙamshi a tsakiya, a naɗe bakin, a sake murjewa a hankali. Wannan na biyun shi kaɗai abinci ne, ba ya neman miya.

Zan iya yin piza da wannan kwaɓin?

Ƙwarai. Ba za ta yi danƙo da manyan ramuka irin na kwaɓin yis ba, amma za ta ciyu, kuma ba jiran awanni. A murje ta siririya, a fara gasa gindin shi kaɗai na minti biyar a oben mai zafin digiri 220 a ma'aunin Salshiyas, sannan a fito da ita a shafa tumatir a jera sauran kaya a mayar na minti 8 zuwa 10. Kuskuren da aka fi yi shi ne labta tumatir mai ruwa a kan ɗanyen kwaɓi, tsakiyar sai ta jiƙe ta ƙi gasuwa. A kasko ma ana yi: a gasa gefe ɗaya, a juya, a zuba kaya a kan gasasshen gefen, a rufe da murfi a rage wuta har cukun ya narke.

Ina son kifi ko kaza mai ɓawo ƙarau-ƙarau. Wannan fulawar za ta yi?

A nan ma ta fi fulawa zalla. Iskar da hodar ke saki tana buɗa ƙullun a cikin mai, sai ɓawon ya fito sakayau mai ramuka maimakon ya zama bargo mai nauyi a jikin kifi.

Ga fulawa giram 150, a tanadi ruwa mai sanyi ƙalau kimanin mililita 200. In akwai ruwa mai gas marar zaƙi ya fi, don kumfarsa ƙari ce a kan ta hodar. A sa gishiri, masoro, da abin da ake so na ƙamshi. A zuba ruwan a juya da cokali mai yatsu sau kaɗan, a daina tun akwai 'yan gudaji a ciki. Kaurinsa ya zama yana rufe bayan cokali yana zuba a hankali. Mai son ƙarin ƙarau sai ya cire kashi ɗaya cikin huɗu na fulawar ya maye gurbinsa da sitacin masara.

Abubuwa uku ne ke raba wanda nasa ya yi kyau da wanda nasa ya sha mai. Na farko, kifin ya bushe: a tsane shi da kyalle ko takarda, a birkiɗa shi cikin busasshiyar fulawa, a karkaɗe, sannan a tsoma a ƙullu. In ba haka ba ƙullun zai zame ya bar kifin tsirara a cikin mai. Na biyu, mai ya kai kimanin digiri 180. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga ƙullu kaɗan: in ya nutse ya taso nan da nan yana tsirtsira, ya yi, in ya zauna a ƙasa, da saura, in ya yi duhu cikin ƙiftawar ido, wuta ta yi yawa. Na uku, kada a cika kasko. Kowane yanki mai sanyi da ya shiga yana sauke zafin man, kuma mai da ya huce shiga abinci yake yi.

Sannan a kwaɓa ƙullun ne bayan an ɗora mai a wuta, ba tun da safe ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ƙullun da ya yi awa guda a kwano ya riga ya zubar da tashinsa na farko.

Game da kaza, a yanka ta ƙanana ko sirara, domin ɓawo yana riga nama nuna. Cikinta ya kai digiri 75, ba alamar ja ko kaɗan. Zoben albasa, yankan gauta, farin kabeji da naman kaza na tsiro duk suna karɓar wannan ƙullu. In an kwashe, a ɗora a kan raga ko matsami iska ta ratsa ƙasansu. Jibga su a kwano mai murfi yana mayar da ɓawon laushi cikin 'yan mintoci.

Akwai ragowar kayan lambu a firiji. Za su haɗu da ita?

Ragowa biyu kenan sun sami juna. Fulawa giram 100, ƙwai ɗaya ko biyu, madara kimanin mililita 100, sai kayan lambu giram 250 zuwa 300: ƙwayar masara, gurzajjen karas, kabeji, alayyafo, dafaffen wake, dankali, ko gutsattsarin kifi da nama da suka rage jiya. Ya zama kayan lambun ne suka fi yawa, ƙullun ɗaure su kawai yake yi. A riƙa ɗiba da cokali ana zubawa a kasko mai ɗan mai, a danna kaɗan, minti biyu zuwa uku kowane gefe a matsakaiciyar wuta.

Kayan da ke da ruwa a jiki, irin su kabewa da kabeji, a gurza su, a barbaɗa gishiri, a bar su minti 10, a matse da hannu ko cikin kyalle. Ruwan da zai fito zai ba mutum mamaki, kuma da an bar shi a cikin ƙullu zai ƙare ya tsinka shi.

Na ji ana dafa curin kwaɓi a kan romo. Yaya ake yi kada ya zama dutse?

Wannan tsohon girki ne a Birtaniya, inda ake jera ƙananan curi a saman romon nama mai kauri su dahu da tururi. Ina ƙaunarsa saboda yana mayar da tukunyar da ba za ta ishi mutum uku ba ta ƙosar da biyar.

Awon yana da sauƙin riƙewa: fulawa kashi biyu, kitse kashi ɗaya. Wato fulawa giram 100, kitse giram 50, gishiri kaɗan, da ruwan sanyi kamar babban cokali huɗu zuwa biyar. Kitsen da aka saba amfani da shi shi ne mai taurin nan da ke kewaye da ƙodar saniya ko tunkiya, a gurza shi ko a yanka mitsi-mitsi. Dalilin zaɓensa shi ne ba ya saurin narkewa kamar bota. Kafin ya narke kwaɓin ya riga ya fara kamawa, sai kowane ɗigon kitse ya bar ɗan rami a inda yake, curin ya fito da laushi kamar soso. Wanda ba shi da shi, ko ba ya cin sa, ya daskarar da bota a firiza ya gurza ta. Za ta yi, ko da yake curin zai ɗan fi nauyi.

A gauraya busassun kaya da yankakken ganye mai ƙamshi, a zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ya haɗe. A mulmula guda takwas da hannu a sake, ba matsewa. A jera su a saman romon da ke tafasa a hankali, rabi a ciki rabi a waje, da tazara tsakaninsu don za su kusan ninka girmansu. A rufe tukunya. Minti 20, kuma a daure kada a ɗaga murfi don leƙe, domin tururin da zai tsere shi ne ke dafa saman curin. Wuta kuma kada ta yi ƙarfi: romon da ke tafarfasa da ƙarfi wargaza su yake yi.

In tukunyar tana shiga oben, a cire murfin a minti 10 na ƙarshe. Sama zai yi ja ya yi ɓawo, ƙasa kuma ya sha romo.

Sikon fa? Na san shi da zaƙi ne.

Sikon ɗan ƙaramin burodi ne mai laushi na Birtaniya da ake gasawa ba da yis ba, kuma na cuku ma ya shahara. Fulawa giram 225, bota mai sanyi giram 55, gurzajjen cuku mai ƙarfin ɗanɗano giram 100, madara kimanin mililita 150, da ɗan barkono. A murtsuke botar cikin fulawa da kan yatsu har ta yi kamar ɓurɓushin burodi, a zuba cuku a rage kaɗan na barbaɗawa a sama, sannan madara. A tattara kwaɓin da wuƙa ko cokali, a daddanna da tafin hannu ya kai kaurin santimita biyu zuwa biyu da rabi. Wajen yankawa da bakin kofi, a danna kai tsaye a ɗaga, kada a murɗa. Murɗawa tana liƙe gefen ta hana shi miƙewa. Oben digiri 220, minti 12 zuwa 15.

Wannan kwaɓin kuma yana zama rufi. A zuba ragowar naman miya ko dafaffen kayan lambu mai romo a kwanon gashi, a tabbatar yana da zafi, a jera yankan kwaɓin a sama, a gasa minti 20 zuwa 25 a digiri 200. Abincin jiya ya dawo da sabuwar fuska.

Duk abin da na yi da ita tauri yake yi. Ina matsalar?

Sau da yawa hannu ne ya yi yawa. A cikin alkama akwai furotin da idan ya ji ruwa aka yi ta murza shi yakan sarƙe ya zama danƙo, shi ake kira gulutin. Mai burodin yis danƙon nan yake nema, shi ya sa yake daɗewa yana murza. Mai aiki da bakin hoda kuwa gudunsa yake yi, domin iskar hoda ba ta da ƙarfin ɗaga kwaɓin da ya ɗaure tamau. Da zarar busasshiyar fulawa ta ɓace a kwano, a janye hannu.

In ba hannu ba ne, to ɗayan ukun nan ne: kwaɓin ya daɗe yana jiran wuta, ko oben bai yi zafi ba aka sa, ko fulawar ta tsufa. Akwai kuma masu jin tsoron kwaɓi mai ɗan danƙo, su yi ta ƙara fulawa har ya bushe. Kwaɓin sikon da na curi ya kamata ya ɗan manne wa yatsa.

Na ji wani ɗaci-ɗaci kamar na sabulu a abin da na gasa. Daga ina?

Hoda ce ko soda ta yi yawa. Yawanci mutum ya bi girkin da aka rubuta don fulawa zalla, ya sa mai tashi da kanta a madadinta, ya kuma ƙara bakin hodar da girkin ya ce. An ninka kenan. In za a yi wannan musanya, a tsallake hodar gaba ɗaya, a rage gishiri in fulawar mai gishiri ce.

Akwai inda ba za ta yi ba?

Akwai. Burodin yis bai dace da ita ba: galibi daga alkama mai ƙarancin furotin ake yin ta, ba ta ba da danƙon da burodi ke buƙata, hodar kuma za ta zubar da tashinta na farko tun yis bai fara nasa ba. Taliyar da ake murzawa a gida ma haka, za ta kumbura a ruwa ta lalace. Siririn ɓawon da ake shimfiɗawa a gindin kwanon gashi don zuba haɗi a ciki zai taso ya rasa siffarsa. Duk abin da ake so ya zauna siriri kuma lafe, a nemo masa fulawa zalla.

Kaurara miya kuwa ba laifi. Cokali ɗaya ko biyu a cikin tukunya hodarsu ba ta kai a ji ta ba. A soya ta da bota ko mai na minti ɗaya zuwa biyu don gafin ɗanyar fulawa ya fita, a zuba ruwa ko madara sannu a hankali ana juyawa. Za ta ɗan yi kumfa da farko sannan ta kwanta.

Abin da ya rage bai wuce cokali uku ba. Ya cancanci ajiya?

A yi amfani da shi yau. A birkiɗa yankan nama a ciki kafin a soya don romo, zai taimaka wa naman yin ja ya kuma kaurara romon daga baya. Ko a kaɗa cokali ɗaya cikin ƙwai uku da albasa, wainar ƙwan za ta fi tashi ta fi ƙosarwa. Ko a zuba a niƙaƙƙen nama ko kifi don ya kama jikinsa wajen mulmulawa.

Girkin ya ce giram 200, ni kuma 120 gare ni. In cike da fulawa zalla?

A cike, amma a biya wa sabuwar haƙƙinta na hoda. Awon da aka saba a Birtaniya shi ne ƙaramin cokali biyu na bakin hoda ga giram 150 na fulawa. A Amurka kuwa, ga kofi guda, wato kimanin giram 120, ƙaramin cokali ɗaya da rabi na hoda da kwatan ƙaramin cokali na gishiri. Giram 80 da aka ƙara kenan suna neman ƙaramin cokali ɗaya. A tankaɗe su tare da rariya, sau biyu in da hali, don kada hodar ta taru a wuri guda wani ya ci karo da ita a baki.

Wannan awon kuma shi ne amsar wanda ba ya yawan gashi: ba dole ne ya sake sayen mai tashi da kanta ba. Fulawa zalla da gwangwanin hoda a gefe sun fi daɗewa, kuma ya haɗa daidai abin da yake buƙata a ranar.

Akwai wanda ya kamata ya yi hattara da ita?

Wanda likita ya hana wa yawan gishiri, kamar mai hawan jini, ya sani cewa bakin soda ma yana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ake gudu a gishiri. Ko ledar ba ta ambaci gishiri ba, akwai shi a ciki. A rage gishirin girki, a jingina da tafarnuwa, albasa, lemon tsami da ganyayyaki masu ƙamshi. Mai cutar da ke hana cin gulutin kuwa wannan fulawar alkama ce, ba tasa ba ce. Akwai irin da ake haɗawa daga shinkafa da masara musamman dominsa.

Abu ɗaya da ya shafi kowa: fulawa ɗanyen abinci ce. Daga gona zuwa injin niƙa ba a dafa ta ba, tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, waɗanda wuta ce kawai ke kashe su. Kada a lashi ɗanyen ƙullu don jin gishiri, kada kuma a bar yara su lashe kwano. Mai son ɗanɗanawa ya soya ɗan kaɗan tukuna. Fulawar da aka birkiɗa ɗanyen kifi ko kaza a ciki kuma ba ta komawa leda. Abin da ya rage a farantin a zubar.

In ba zan iya ƙarar da ita wannan makon ba, yaya zan adana ta?

A fitar da ita daga ledar takarda a juye a mazubi mai murfin da ke rufuwa gam, kwalba ko roba, busasshe ƙarau. A rubuta sunanta da ranar da aka buɗe a jiki, domin a ido ba ta da bambanci da fulawa zalla, kuma da yawa sun ɓata girki ta nan. A ajiye nesa da murhu da wurin wanke-wanke, inda tururi ba ya kaiwa. Cokalin ɗiba ya zama busasshe.

Inda ake fama da zafi da laima, firiza ta fi kabad. Fulawa ba ta daskarewa ta zama dutse, ana iya ɗiba kai tsaye. Kwana huɗu zuwa mako guda a firiza yana kuma kashe ƙwarin da ke shiga gari. Sai dai in an fito da mazubin gaba ɗaya, a bar shi a rufe har sanyin ya sake shi kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan fulawar, hodar ta fara aiki a banza.

Akwai kuma wata hanyar: a adana abin da aka yi da ita maimakon ita kanta. Burodin kasko yana zama lafiya a firiza in aka sa takarda tsakanin kowane biyu, a ɗumama shi a busasshen kasko minti ɗaya kowane gefe. Sikon kuwa ana iya yanka shi ɗanye, a jera a faranti ya daskare, a kwashe a leda. Ranar da ake so a sa shi a oben mai zafi yadda yake, ba sai ya saki ba, a ƙara masa minti uku zuwa biyar a kan lokacin da aka saba.